Idan Linzamin Kwamfuta Ya Ƙi Aiki: Sarrafa Kibiya da Madannai, Amfaninsa da Iyakarsa

Tsakure

Takardar nan ta dubi hanyoyi biyu da mai aiki da kwamfuta yake da su idan linzami ya mutu masa yana tsakiyar aiki. Ta farko ita ce tura kibiya da madannan lambobi, tsarin da ake kira Mouse Keys. Ta biyu ita ce a bar kibiyar inda ta tsaya, a riƙa isa ga abubuwan da ke fuskar kwamfuta da Tab da sauran madannan umarni. An bi asalin tsarin, da yadda yake aiki a Windows da macOS da Linux, da wuraren da yake gazawa. Matsayin takardar shi ne Mouse Keys mafita ce ta ƙarshe, hanya ta biyu ce ta cancanci zama tushen koyarwa, kuma yawan tilasta wa mutum komawa ga kibiya alama ce ta manhajar da ba a gina da kyau ba.

1.0 Gabatarwa



A yawancin cibiyoyin koyar da kwamfuta da na leƙa, darasin farko riƙon linzami ne. Ana nuna wa ɗalibi yadda zai ɗora tafin hannunsa, ya latsa sau ɗaya, ya latsa sau biyu, ya ja abu ya sake. Allon madannai kuwa sai an zo darasin buga rubutu ake waiwayarsa, kamar ba shi da aikin da ya wuce zuba haruffa. Ɗalibin da aka yaye a haka, ranar da kibiya ta ƙame masa, abin da yake yi shi ne ya girgiza linzamin, ya buga shi a tebur, in ta ƙi ya danne maɓallin wuta har kwamfutar ta mutu. Duk rubutun da bai adana ba ya tafi kenan, alhali Ctrl da S suna ƙarƙashin yatsunsa na hagu.

Dalilan mutuwar linzami ba su da wuyar ganewa. Mai waya yakan tsinke daga ciki, daidai inda wayar ta shiga jikinsa. Marar waya batir ne yake ƙare masa, ko ɗan abin da ake soka masa a ramin USB ya ɓace. Mai hasken ja ɗan ƙaramin ido ne a ƙasansa yana ɗaukar hoton tebur sau da yawa cikin daƙiƙa, yana kwatanta hoto da hoto don ya gane inda aka matsa. Saboda haka gilashi da tebur mai sheƙi suna ruɗa shi, ƙurar hunturu kuma tana toshe masa idon. A laftof, batirin da ya kumbura yakan turo faifan shafawa daga ƙasa har ya daina karɓar latsi. Wani lokaci kuma babu abin da ya lalace a ƙarfe: direban na'urar ne ya rikice bayan sabunta manhaja, ko kuma an haɗa Fn da wani madanni bisa kuskure an kashe faifan. A waɗannan biyun na ƙarshe gyaran yana cikin kwamfutar kanta, sai dai wanda bai san hanya ba sai ta linzami ba zai iya kaiwa ga gyaran ba.

2.0 Inda tsarin ya samo asali

Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka, abokin aikinsa Bill English ya haɗa na farko da katako a 1964, aka nuna shi ga jama'a a San Faransisko ranar 9 ga Disamba 1968. Kamfanin Xerox ya ɗora shi a kan kwamfutarsa Alto a 1973. Amma Macintosh ta 1984 ce ta kai shi ofisoshi da gidaje, kuma kamfanin Apple ya yi haka da gangan har ya fitar da ita ba tare da madannan kibau huɗu ba, don kada mai saye ko mai rubuta manhaja ya sami hanyar kauce wa linzami. Sai a Macintosh Plus ta 1986 aka sa su.

Wannan sauyi ya sauƙaƙa wa mutane da yawa, ya kuma rufe ƙofa ga wasu. Linzami yana neman hannun da zai kama abu, ya motsa shi a hankali, ya tsaya cak, ya latsa ba tare da ya goce ba. Mai karkarwar hannu ba zai iya ba. Haka wanda yake buga rubutu da yatsa ɗaya, ko da sandar da yake riƙewa a baki ko ya ɗaura a goshi. Irin waɗannan mutane suna aikinsu lafiya lau a zamanin da komai umarni ne da ake bugawa. Zuwan tagogi da gumaka ne ya mai da su baya.

Cibiyar Trace, wadda Gregg Vanderheiden yake cikin waɗanda suka kafa ta a Jami'ar Wisconsin da ke Madison a 1971, ita ce ta fi ɗaukar wannan matsala a wuyanta. Aikinta da kamfanonin kwamfuta ne ya kai ga Apple ta sa Mouse Keys da Sticky Keys cikin abin da ta kira Easy Access a ƙarshen shekarun 1980. A farkon shekarun 1990 cibiyar ta fitar da AccessDOS, da wani ƙunshi da ake ƙara wa Windows na wancan lokaci. Daga Windows 95 kuwa sai aka dasa waɗannan kayan aiki cikin babbar manhajar kanta, ba sai mutum ya nemo ya ɗora ba. A ɓangaren Unix da Linux, suna cikin ƙarin madannai na tsarin taga na X, wanda ake kira XKB.

Na kawo wannan tarihi ne domin yana bayyana halin tsarin. Waɗanda suka zana shi ba mai gaggawa suke tunani ba, mutumin da linzaminsa ya mutu ana jiran takarda. Suna tunanin wanda zai yi aiki da shi kullum, wanda ya fi buƙatar daidaito a kan sauri. Shi ya sa yake fitowa da jinkiri daga masana'anta, shi ya sa kuma aka raba abin da hannu yake yi lokaci guda zuwa matakai da ake yi ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke aronsa ranar matsala, a inuwar masu buƙata ta musamman muke fakewa, kuma ya kamata mu san haka.

3.0 Yadda yake aiki

Linzami bai san inda kibiya take ba. Abin da yake aika wa kwamfuta ɗan gajeren rahoto ne: an matsa kaza zuwa gefe, kaza zuwa sama ko ƙasa, maɓalli kaza a danne yake. Babbar manhaja ce take tara waɗannan rahotanni ta zana kibiyar a sabon wuri. Tunda haka ne, duk abin da zai iya samar da irin wannan rahoto zai iya zama linzami. Mouse Keys yana tare latsin madannan lambobi kafin ya kai ga manhajar da ake aiki da ita, ya juya shi zuwa rahoton motsi. Word ko burauza ba su da labarin cewa babu linzami.

A Windows ana kunna shi da madannai uku tare: Alt na hagu, Shift na hagu da Num Lock. Za a ji ƙara, wata 'yar taga ta fito tana tambaya, a amsa da Enter a kan Yes. Wanda ba zai iya danne uku lokaci guda ba sai ya fara latsa Shift sau biyar ya kunna Sticky Keys, daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma hanya ta saiti: madannin Windows da U suna buɗe sashen sauƙaƙa amfani, a sauka zuwa Mouse. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke aiki da allon Faransanci, Shift shi ne wanda aka rubuta wa Maj, Num Lock kuma Verr Num.

Da zarar ya kunnu, rukunin lambobin da ke gefen dama ya zama taswira. 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, su kuma 7 da 9 da 1 da 3 su ne kusurwoyi huɗu, kowanne ta inda yake zaune. 5 da ke tsakiya shi ne latsi, alamar tarawa kuma latsi biyu. Sai abin da ya fi rikita sababbi: 5 ba shi da maɓallin kansa, yana latsa wanda aka zaɓa masa ne. Alamar rabawa tana zaɓar na hagu, alamar ɗebewa tana zaɓar na dama, tauraro kuma duka biyun. Zaɓin yana nan daram sai an canja shi. Mutum zai latsa alamar ɗebewa don ya buɗe jerin zaɓi na dama, ya manta, sai ya ga duk inda ya latsa 5 jeri ne yake buɗewa, ya ɗauka kwamfutar ta haukace. Maganin latsi ɗaya ne a kan alamar rabawa.

Jan abu shi ne inda dabarar masu zanen ta fi fitowa. A ce akwai fayil a fuskar kwamfuta ana so a kai shi cikin wata jaka. Sai a tura kibiya ta hau kansa, a latsa 0. Wannan yana danne maɓallin ya riƙe, ko da an ɗaga yatsa. Sai a tura da 6 ko 3, fayil ɗin yana biye da kibiya, har a kai bakin jakar, a latsa ɗigon da ke kusa da 0, ya saki. Aikin da yake neman yatsa a danne da hannu yana tafiya lokaci guda ya koma matakai uku da yatsa ɗaya zai iya.

Saurin kibiyar yana da ma'auni biyu a Windows: iyakar gudunta, da yadda take saurin kaiwa ga wannan iyaka idan an riƙe madanni. Latsi ɗaya yana matsar da ita ɗan kaɗan ƙwarai, riƙewa kuma yana sa ta fara a hankali ta riƙa ƙara gudu. Akwai zaɓin da in an kunna shi, riƙe Ctrl yana sa ta yi tsalle, riƙe Shift yana rage mata gudu. Ina ba duk wanda zai yi aiki da tsarin shawara ya fara da wannan saiti, domin yadda yake zuwa daga masana'anta yana iya sa mai haƙuri ma ya yi fushi. A XKB ma'aunan sun kai biyar, har da lanƙwasar da ƙarin gudun yake bi, kuma a can tauraro maɓallin tsakiya yake zaɓa. A teburin GNOME kunna shi yana cikin saitin sauƙaƙa amfani.

Apple ta bi wata hanya da ta fi dacewa da laftof. Option da Command da F5 suna buɗe jerin kayan sauƙaƙawa, a zaɓi Mouse Keys. Idan babu rukunin lambobi, haruffa ne suke karɓar aikin: 7, 8, 9 a sama, U da O a gefe, J, K, L a ƙasa, I latsi, M riƙewa, ɗigo saki. Farashin wannan sauƙi shi ne muddin tsarin yana kunne ba za a iya buga rubutu yadda aka saba ba.

4.0 Inda yake gazawa

Gazawa ta farko lissafi ne. Fuska mai faɗin ɗigo 1920 da tsawon 1080, hannu yana ƙetare ta da motsi ɗaya. Madannai kuwa fuskoki takwas kawai suka sani. Duk abin da ba ya kan ɗaya daga cikin waɗannan layuka takwas sai an je masa da zango biyu, a yi kusurwa sannan a miƙe. Ga kuma wuce wuri: idan kibiya ta ɗauki gudu takan zarce inda ake so, a dawo, a sake zarcewa. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta da nisansa da ƙanƙantarsa. A 1978 Stuart Card da Bill English da Betty Burr suka gwada linzami da sandar tuƙi da madannai wajen zaɓar rubutu a cibiyar Xerox ta Palo Alto, linzami ya zo na ɗaya a sauri. Babu saitin da zai goge wannan tazara. Abin da madannai suka fi shi ɗaya ne: matsar da abu da ɗigo ɗaya ba tare da hannu ya karkata ba, kuma masu zanen hoto da taswira sukan kunna tsarin saboda haka ko da linzaminsu lafiya yake.

Ta biyu ta fi shafarmu. A Windows tsarin ya dogara ne kacokan a kan rukunin lambobi na gefe. Lambobin da ke jere a saman haruffa ba sa yi. Laftof mai inci 13 ko 14, wadda ita ce ta cika hannun ɗalibai da ma'aikata, ba ta da wannan rukuni. Tsofaffin ƙira da yawa suna ɓoye shi cikin haruffa, za a ga ƙananan lambobi a jikin U, I, O, J, K, L da M, ana farkar da su da Fn da Num Lock. Sababbi da yawa sun zubar da wannan, wasu ma ba su da Num Lock gaba ɗaya. Mai irin wannan laftof, in faifan shafawarsa ya mutu, kunna Mouse Keys ba zai motsa masa komai ba sai ya samo allon madannai na waje.

Ta uku ita ce kunnuwa bisa kuskure. Na taɓa tarar da wata mai buga takardu a wani shagon kwafi ta ajiye allon madannai a gefe tana jiran a sayo sabo, wai lambobinsa sun mutu. Da aka mai da shi aka latsa 4, sai ga kibiya tana rarrafe zuwa hagu. Wani ne ya haɗa madannan nan uku, ya amsa tambayar bai karanta ba. A Mac alamar ita ce haruffa irin su U da J da K su daina fita. Masu gyara da yawa ba su san wannan ba, sai su canja abin da bai lalace ba.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi a wurina: sai mai gani ne zai iya tura kibiya. Makaho da ke aiki da manhajar karanta fuska, irin NVDA da Michael Curran ya fara a 2006 a Ostareliya, ko JAWS, ba ya bin kibiya don ya san inda yake. Yana tafiya ne daga abu zuwa abu, manhajar tana faɗa masa sunan kowanne. Wato akwai mutanen da suke yin cikakken aikin ofis shekara da shekaru ba su dogara da kibiya ba, kuma hanyarsu a buɗe take ga kowa.

5.0 Aiki ba tare da kibiya ba

A kowace taga akwai abu ɗaya da yake sauraron madannai a kowane lokaci, galibi za a gan shi da 'yar ƙawanya kewaye da shi. Tab yana matsar da ƙawanyar gaba, Shift da Tab suna mai da ita baya, Enter yana zartarwa, dogon madannin tazara yana sa alama a akwati ko ya cire, Esc yana fitarwa. Alt yana kai mutum jerin umarnin da ke saman taga, Shift da F10 suna yin aikin latsin dama, Alt da Tab suna sauya taga, Alt da F4 suna rufe ta. Yawancin waɗannan sun fito ne daga ƙa'idar da kamfanin IBM ya fitar a 1987 mai suna Common User Access, wadda ta shimfiɗa cewa duk abin da linzami zai yi, madannai ma su iya yinsa. Windows ta gaji wannan ƙa'ida. A nan ba a tura komai ƙetaren fuska, tsalle ake yi kai tsaye zuwa abin da ake nema, don haka nisan da ya wahalar da Mouse Keys bai shigo lissafi ba.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ma'aikaci yana rubutu, kibiya ta ƙame. Abu na farko Ctrl da S. Sannan ya latsa Caps Lock ya ga ko fitilarsa tana amsawa. In tana amsawa, kwamfutar da ranta, matsalar ta linzami ce kaɗai. Ya cire shi ya soka a wani rami. In bai tashi ba, ya haɗa madannin Windows da R, ya rubuta devmgmt.msc, ya latsa Enter. Wannan umarni iri ɗaya ne ko da wane harshe kwamfutar take magana. Taga za ta buɗe da jerin na'urori. Tab sau ɗaya ya shigar da shi cikin jerin, madannin ƙasa ya saukar da shi zuwa layin linzamai, madannin dama ya buɗe layin. Idan ya ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a jikin na'urar, direba ne. Idan ya ga 'yar kibiya mai kallon ƙasa, kashe ta aka yi. Shift da F10 za su ba shi zaɓin kunnawa ko cirewa. In ya cire, sai ya koma fuskar farko da Windows da D, ya latsa Alt da F4, ya zaɓi Restart, kwamfutar ta ɗora direban da kanta idan ta tashi. A tsofaffin kwamfutocin tebur masu zagayayyen ramin PS/2, wanda IBM ta fito da shi a 1987, sake kunnawar dole ce ko da waya ce kawai ta zare, domin ba a gina wannan rami don a soka abu kwamfuta tana kunne ba.

Duk wannan gyara an yi shi ba a motsa kibiya ko sau ɗaya ba. Haka ma haɗa linzamin Bluetooth, da buɗe Task Manager da Ctrl da Shift da Esc, da shiga intanet: Ctrl da L suna kai mutum wurin rubuta adireshi, F7 kuma a Firefox da Chrome da Edge yana sa alamar rubutu cikin shafi don a zaɓi kalmomi a kwafa.

To ina Mouse Keys yake shigowa? Yana shigowa ne inda ƙawanya ta ƙi zuwa. Zanen hannu, jan wani abu a taswira, ko maɓallin da mai ginin manhaja ya zana amma bai haɗa shi da madannai ba. Matsayinsa kamar turin mota ne: yana kai ta bakin garejin makaniki, ba a yin doguwar tafiya da shi.

6.0 Nauyin da ke kan masu gina manhaja

A Disamba 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da WCAG 2.0. Sharaɗi mai lamba 2.1.1 ya ce duk aikin da shafi yake yi ya kasance ana iya yinsa da madannai, in ban da abin da ya dogara da hanyar da hannu ya bi, kamar zane. Na 2.1.2 ya hana tarko, wato wurin da ƙawanya za ta shiga ta kasa fita. Na 2.4.7 ya nemi ƙawanyar ta kasance ana ganinta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙa'idar ta ambaci Mouse Keys da suna, ta ce sarrafa shafi da shi ba ya cika sharaɗin madannai, domin a wurin manhajar linzami ne yake magana. Wato mai gini ba zai fake da cewa ai akwai Mouse Keys ba. Bugu na 2.2 da ya fito a Oktoba 2023 ya ƙara da cewa abin da ake yi da ja, a samar masa hanyar da ba sai an ja ba.

Duk wanda ya gwada cike fom ɗin neman aiki ko na rajistar makaranta da Tab kaɗai ya san yadda ake karya waɗannan sharuɗɗa. Kalandar zaɓen ranar haihuwa da ba ta karɓar rubutu. Jerin jihohi da ƙananan hukumomi da ba ya buɗewa sai da latsi. Ƙawanyar da aka goge don wai tana ɓata ado, mutum yana latsa Tab bai san inda yake ba. Mai lafiyar hannu yana jin zafin wannan na awa ɗaya ranar da linzaminsa ya mutu. Wanda hatsari ko kuturta ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wa hannu, kullum a cikinsa yake, kuma sau da yawa ƙarshensa ya ba wani lambar sirrinsa ya cike masa. Wannan tauye mutunci ne, ba ƙaramin abu ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008, Najeriya a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara. Najeriya ta ƙara da dokar hana nuna musu wariya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019.

Muna da misali mai kyau a gida Najeriya. Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, aka ga cewa ɗalibai da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da suka kama linzami. A 2017 hukumar ta shigo da tsarin madannai takwas: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don ta baya, S don miƙawa, R don komawa. Hukumar ba ta ce ɗalibi ya tura kibiya da lambobi ba, cire buƙatar kibiyar ta yi daga tushe. Yaron da ya zo daga ƙauye da wanda linzamin kujerarsa ya mutu a tsakiyar jarrabawa, magani ɗaya ya wadace su. Irin wannan tunani nake so a gani a shafukan biyan kuɗin makaranta da na ɗaukar ma'aikata.

7.0 Koyarwa da saye

Shawarata ga cibiyoyin koyarwa ita ce a juya tsarin makon farko. A cire linzamai daga tebura a darasi ɗaya aƙalla, a sa ɗalibi ya kunna kwamfuta, ya buɗe manhaja, ya rubuta layi biyu, ya adana, ya nemo fayil ɗin, ya kashe. Madannan da wannan yake buƙata ba su da yawa, kuma hannu yana haddace su da wuri fiye da yadda malamai suke zato. Bayan haka sai a nuna Mouse Keys, a nanata abubuwa uku da suke kayar da mutane: zaɓin maɓalli da ba ya komawa da kansa, saitin gudu, da yadda ake kashe shi da madannan da suka kunna shi. Masu gyara kuma su sa duba wannan saiti cikin abin da suke fara yi kafin su ce allo ya mutu.

Ga ofisoshin da ke ba da kwangilar gina shafi, gwajin ba ya cin kuɗi. Ranar karɓar aiki a zare linzami, a ce wa mai ginin ya cike fom ɗinsa da kansa daga farko har miƙawa. Duk inda ya maƙale, nan ne wani zai maƙale gobe, kuma a rubuta wannan gwaji cikin takardar kwangila tun farko don kada ya zama gardama.

Masu sayen kayan aiki su ma da nasu. Idan makaranta ko ofis za ta sayi ƙananan laftof marasa rukunin lambobi, ta haɗa da cikakken allon madannai mai waya ko da guda ɗaya a kowane ɗaki, tare da linzami mai waya a ajiye. Mai waya nake nufi, domin shi ne ake sokawa ya kama nan take ba batir ba haɗi, kuma cikakken allo yana aiki tun daga matakin BIOS, kafin Windows ta tashi, inda Mouse Keys bai farka ba tukuna.